Bangon Bahago

Maikano ya tuɓe takalmi a ƙofar fada, ya miƙa wa dogari sandarsa, ya roƙa a kai shi soron ciki. Tun asuba ya baro Yekuwa a amalanke. Shekara guda ke nan bayan babban fari, kuma yanar ido ta rufe masa gani, sai ɗan haske ya rage.

Shekara ashirin da suka wuce shi ya yi wa soron nan ado, shi da ɗansa Ɗan Azumi. Magini da yatsu yake zane tun laka na ɗanya, ga shi Ɗan Azumi bahago ne. Ran da Maikano ya tarar ya zane bangon gabas da hagu, a gaban ma'aikata ya mare shi, ya ce hannun tsarki ba ya taɓa ɗakin sarki. Laka ta riga ta kama, damina ta matso, dole aka bar bangon. Ɗan Azumi ya wanke hannu, ya ƙetara iyaka, bai sake waiwayo gida ba. Watan jiya wani falke ya kawo labarin rasuwarsa a kudu, kabari kuwa ba wanda ya sani. Da-na-sani ƙeya ce, a baya take.

Dogarin, Mala, yana ja masa gora yana zuba bayani: ga dagi, ga ganye ya nannaɗe da ganye har sama, ga shuɗi da ja da ruwan zinariya, ga tasar tagulla a inda bakan gizon da ke tallafe da rufi suka haɗu. Maikano bai ji ko ɗaya ba. Ya shafa bangon yamma, aikin kansa, kowace lanƙwasa na nan inda ubansa ya koya masa. Ya lallaɓa zuwa gabas. Ya ɗora dama, yatsu suka ƙi zama a cikin zanen, don duk ya karkata ta wancan gefe. Sannan ya ɗaga hagu, hannun da bai taɓa kai wa bango ba, yatsu huɗu suka shige daidai wa daida.

"Baba, ka iya zaɓe," in ji Mala. "Bangon nan Nasaru ke tasowa tun daga Damagaram su ɗauka hoto. An ce wani Maikano na Yekuwa ne ya yi shi. Irinsu sun ƙare."

"Ba shi ba ne. Nasa shi ne wancan."

Mala ya yi dariya, ya ce to wa ya fi tsoho sani.

Ɗan Azumi ɗan fari ne, kunya ba ta taɓa barin sunan ya fita bakin uban ba. Maikano ya juyo da fuska wajen Mala.

"Ɗan Azumi ya yi shi. In baƙi sun zo, haka za ka faɗa musu."

"Ɗan Azumi ɗan wa?"

Tsoho bai ɗauke hannu daga bango ba.

"Ɗan Azumi kawai. Ya ishe shi."