Warin Fetur a Garejin Cagle

Tun ranar farko Twila ba ta son turbon nan, wato na'urar ƙara wa injin mota ƙarfi. Da ƙanenta Boyd ya shigo da shi a rungume kamar jariri, kallo ɗaya ta yi masa ta ce, "Wannan ya fi ƙarfin motarka."

"Haba Yaya, tsufa ne dai ya fara kama ki."

"Na tsufa da yatsuna goma cif. In kana so in ɗaura maka shi, sai an canza duk abin da ke kewaye da shi."

Haka suka cinye bazarar a rumfar bayan gidansu da ke wani ƙauye a jihar Tennessee ta Amurka. Twila ta yi shekaru tana kanikanci, kuma ita ta raini Boyd bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka ba ta bar masa noti ko ɗaya ya ɗaure shi kaɗai ba. Ta sa lagireto mai kauri, da manyan nozul, da sabon kuloci, da famfon mai wanda ya ninka tsohon ƙarfi. Famfon yana jan wuta sosai, sai ta ja masa waya daban, ta sa masa makunni na wucin gadi a cikin but, kusa da batir.

Wata Asabar da hantsi suka kai motar garejin Mista Cagle, wani dattijo mai injin gwada ƙarfin mota. Aka ɗora tayoyin baya a kan gangunan ƙarfe masu juyawa, aka ɗaure motar tamau ta gaba da baya, aka bar bonet a buɗe. Boyd ya nufi ƙofar direba, Twila ta tare shi.

"Ni na haɗa, ni zan taka."

Ta shiga ta tsakanin ƙarafunan kariya da aka kafa a cikin motar, ta ɗaure bel ɗin tsere a kafaɗu da ƙugu. Gwajin farko ya tafi lafiya. A na biyu Mista Cagle ya ɗaga mata babban yatsa, ta danna totur har ƙasa. Ƙara ta cika garejin, kwanon rufi yana karkarwa. Ta ƙasan bonet tana hango turbon ya yi jajir.

Sai ta ji wari.

Ba hayaƙi ba ne, ɗanyen fetur ne. Wasu ɗigo suka fantsamo kan gilashin gaba, suka gangaro a hankali. Ta saki totur, ta murɗe makulli. Inji ya mutu, amma daga bayanta tana jin famfon yana ci gaba da kuka, yana tura mai ta inda tiyo ya fashe.

"Boyd! Famfo! Kashe famfo!"

Kafin ta rufe baki wuta ta tashi fuu, ta lashi bonet, ta rufe gilashin. Zafi ya doki fuskarta. Ta kai hannu ga maɓallin bel, ta murɗa, ya ƙi. Ta sake murɗawa. Hayaƙi ya fara shigowa ta ƙasan sitiyari, baƙi, mai warin roba. Tayoyin baya har yanzu suna gudu a kan ganguna, kuma ta san ta gefensu Boyd zai bi kafin ya kai but. Ta buɗe baki za ta ce kada ya je, tari ya shaƙe ta.

Kukan famfon ya ɗauke.

Farin gari ya turnuƙe ko'ina, Mista Cagle ne da tukunyar kashe gobara. Ƙofa ta buɗe, wani hannu ya fizge maɓallin, aka jawo ta waje ta kwalar riga. Suka zube tare a kan siminti.

"Yaya! Yaya, dube ni!"

Ta dube shi. Girarsa ta babbake, hannun rigarsa ya yage, fatar gwiwar hannunsa ta saɓule inda taya ta goge shi.

"Wa ya ce ka bi ta wajen taya?" ta ce, muryarta a dishe. "Ba ka da hankali ne?"

"Ke kika ce in kashe!"

Ta riƙe wuyan rigarsa ta kasa saki. Mista Cagle ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana haki, ya cire hularsa ya mayar.

"A kai yaron nan asibiti," ya ce. "Motar ta kwana a nan."

Ita ta tuƙa shi a akori-kurarta, tagogi duk a buɗe, don warin ya kama gashinta. A hanya Boyd ya fara cewa inji dai bai ƙone ba, tiyo ne da wayoyi kawai, mako mai zuwa ma za su iya komawa kanta. Da suka tsaya a danja, Twila ta miƙa hannu ta janye masa yagaggen hannun rigar daga kan ciwon.