Damin Tsuntsayen Torleif

Shekara talatin da ɗaya Torleif yana wa'azi a ɗakin addu'a na ƙauyen Brattlia, kuma in ka tara wa'azin nasa duka ka matse, abu ɗaya zai ɗiga: ku dubi tsuntsaye. Ba su da gona, ba su da rumbu, amma wa ya taɓa ganin gwara tana kuka da yunwa? Ubangiji ke ciyar da su. In ya zo nan sai ya nuna taga da yatsa, mata su yi ajiyar zuciya, maza su gyaɗa kai, wasu don imani, wasu don gyangyaɗi.

Matarsa Borghild kuwa tana benci na uku, hannunta na ƙarnin kitse. Ita ce, da zarar dusar ƙanƙara ta fara zuba, take fita kowace safiya ta watsa hatsi tafi shida a kan wani katako, ta rataye guntun kitsen tunkiya marar gishiri a bishiyar da ke gaban tagarsu. Torleif yana ciki yana kurɓar kofi, ya ga tsuntsaye sun cika tsakar gida, ya ce, "Kin gani ko? Ikon Ubangiji!" Ta ce ta gani.

Kowa a Brattlia ya san ƙa'idar abin. Kada ka fara, in kuwa ka fara, kada ka daina sai ƙanƙara ta narke. Tsuntsun da ya saba da ƙofarka ba ya zuwa nema wani wuri, zama zai yi yana jiranka har sanyi ya ɗauke shi. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma Borghild ce ta kafa turken da hannunta.

Saura kwana huɗu Kirsimeti santsi ya kwashe ta a kan matakala, idon sawu ya karye. Likita ya zo ya ɗaure ƙafar, ya ce mako shida a gado, ko da gobara ce sai dai a ɗauke ta. Aka tura mata gadon jikin taga.

Da safe tsuntsayen suka zo. Gwara a kan shinge, masu jan ƙirji a kan bishiya, 'yan mitsi-mitsin nan masu baƙar hula suna ta leƙen katako. Ba komai a kai sai ƙanƙara.

Ta ce, "Baban Sigrun, buhun hatsi yana bayan ƙofar kicin. Tafi shida ne kawai."

Torleif ya sauke tabarau zuwa ƙarshen hanci. "Haba, Borghild. Shekara nawa kina jin wa'azina? Kina nufin da kika karye, Mahalicci ya rasa yadda zai yi? Wataƙila ma don ki koyi dogara ne aka kwantar da ke."

Wai don ta koyi dogara! Ta juya fuska ga taga.

Da hantsi ya leƙo. "Ina kika ajiye garin kofi?"

Ta ce, "Ubangiji zai tanada."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da rana ya dawo. "Wannan murhun naki ya ake hura shi? Hayaƙi kawai yake yi."

"Tsuntsaye suna da murhu ne, mai girma mai wa'azi?"

Nan fa aka ja daga. Mutumin da ke iya magana awa biyu ba tare da ya haɗiye yawu ba, bai san inda cokali yake kwana a gidansa ba. Ya dafa dankali ya ƙone, ya dafa kifi bai jiƙa shi ba, gishiri ya kusa tsinke masa harshe. Ita ma Borghild abin da ya ƙona shi take ci, amma tana ci tana jin daɗi har cikin ranta. Kullum da safe ta ce tafi shida, kullum ya ce ba zai sa hannu a aikin da ba nasa ba. Tsuntsaye kuwa suna kan shinge, sun kumbura gashinsu, suna kallon ƙofa.

Rana ta uku maƙwabciyarsu Ragnfrid ta shigo da burodi da miyar wake. Ta leƙa taga ta riƙe baki.

"Wayyo, bayin Allah! Katakon nan fayau yake. Ƙawata, bari in watsa musu kafin in tafi, ai ba wani aiki ba ne."

"Kul! Kada ki taɓa buhun nan."

"Don me?"

"Akwai namiji a gidan nan mai hannu biyu. Shi zai zuba, da hannunsa, ina kallo. In kika zuba, ranar Lahadi zai hau mumbari ya ce Ubangiji ya aiko hankaka da burodi, kuma ke ce hankakar."

Ragnfrid ta ce, "Ke dai da taurin kai. An ce sanyi mai tsanani na tafe fa."

"Kwana ɗaya ko biyu ba zai kashe su ba. Ya kusa saukowa, jiya na ji cikinsa na kuka tun daga falo."

Lissafin Borghild a kan jajibirin Kirsimeti yake. Ranar nan kowane gida sai ya ɗaure damin hatsi a kan doguwar sanda ya kafa a ƙofar gida, rabon tsuntsaye ke nan na biki. Torleif yakan ce al'adar mutanen da ce, tun kafin su san Ubangiji. Amma gidan mai wa'azi ya zama shi kaɗai ba dami, mutane suna wucewa zuwa coci suna nunawa? Ina! Tsoron bakin Brattlia ya fi masa tsoron komai.

Haka kuwa aka yi. Wajen ƙarfe uku na rana, duhu ya fara sauka kamar yadda yake yi a can lokacin sanyi, ta hango shi ya fito daga rumbu da wani dami ƙato, ya ɗaure, ya kafa, ya ja da baya yana kakkaɓe hannu kamar wanda ya gina hasumiya. Borghild ta yi murmushi. Ta kira shi, ta gaya masa inda kofi yake, ta koya masa faten shinkafa da madara daga kan gado, har da inda ake saka man shanu a tsakiya. Suka ci suka ƙoshi. Ta yi barci tana cewa ta ci nasara.

Ranar Kirsimeti tun gari bai waye ba ya fita, don bayan coci akwai taro a ɗakin addu'a, bayan taro kuma akwai cin abinci a gidan dattijon ikilisiya. Ragnfrid ma ta tafi wajen 'yarta a ƙauyen gaba.

Da haske ya fito tsuntsaye suka yi wa damin caa. Borghild ta gyara matashi don ta sha kallo. Sai ta ga suna shiga suna fita, suna tona, suna zubo haki, ba mai tsayawa ya ci. Masu jan ƙirjin suka koma bishiya. Gwara suka sauka ƙasa suna tsattsagar abin da ya zubo, su ɗauka su yar. Ta yunƙura za ta sauko, ƙafar ta amsa mata har cikin ƙwaƙwalwa, ta koma ta kwanta tana zufa. Ta ƙwala kira, ba kowa. Wuni guda tana kallonsu, buhun hatsi yana bayan ƙofar kicin, taku goma sha biyu daga gadonta.

Sai da magariba Torleif ya dawo, kumatu ja, ciki cike.

"Kai, yau na yi wa'azi! Na ce musu da fitowata na ji fukafukai a kan damin da na kafa. Har matar mai kanti ta yi kuka."

"Daga wane gefen rumbu ka ɗauko shi?"

"Na hagu. Ya fi girma, ga shi ba nauyi."

"Ba nauyi." Ta rufe ido. "Torleif, na hagu an sussuke su tun kaka. Shimfiɗar saniya ce. Ko ƙwaya ɗaya babu a ciki."

"Dami ai dami ne."

"Ƙwarai kuwa. Wa'azi ma wa'azi ne."

Ya ce bari ya je ya zuba yanzu. Ta ce wa zai ci, sun riga sun tafi kwana da cikinsu a haka. A daren ne sanyin da Ragnfrid ta faɗa ya sauka, har katakon bangon gida yana ƙara.

Da safe ba ta kira shi ba, shi ya fita da kansa. Ta taga ta ga ya sunkuya a gindin shinge, ya matsa, ya sake sunkuyawa a gindin bishiya. Ya daɗe. Sannan ya shigo kansa ba hula, kunnuwansa sun yi fari, hular tana hannunsa. Ya ajiye ta a kan bargo. Matattun tsuntsaye goma sha ɗaya ne a ciki, ƙafafunsu a dunƙule, ba su kai nauyin wasiƙa ba.

Borghild ta tanadi maganganu kwana huɗu, masu kaifi, ta jera su tsaf don irin wannan safiya. Ga shi ya zo har gabanta, mai wa'azi ba hula, ba aya ko ɗaya a bakinsa. Ta duba cikin hular, sai ta tuna Ragnfrid tana shirin watsa musu hatsi, da yadda ita da bakinta ta ce mata kul. Kunya ta kama ta, ta ji ba ta son nasarar ko kaɗan.

Torleif ya ce da ƙaramar murya, "Tafi shida kika ce ko?"

Ta kalli shinge ta ƙirga waɗanda suka rage.

Ta ce, "Zuba uku. Zai ishe su."