Jajayen Turaku a Filin Tahidu

"Cire mini su! Na ce cire mini su!"

Tahidu ke wannan ihu, yana nuna jajayen turakun da aka kakkafa a bayan gidansa. Maƙwabcina ne tun muna unguwar Sabonjida, tare muka ƙauro nan Gbalahi. Yarinyar da ta kafa su, Suhuyini, Badagomba ce daga jami'a, tana tsaye rungume da kwamfuta.

"Mba Tahidu, ba filinka muke so ba," in ji ta, Mba kuwa baba ke nan a yarensu. "Ƙasar nan za ta zame."

"Haka na farkon suka ce, awo kawai suke yi."

Ba ƙarya ya yi ba. Yana da wani fili a Changli, aka zo aka kafa turaku, kafin damina ta fita wani ya gina bene a kai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Bayan gidajenmu akwai ramin da tifofi ke ɗibar burji, zurfinsa ya kai tsayin mutum biyar. Suhuyini ta durƙusa ta buɗe mana kwamfutar. Sai ga unguwarmu daga sama, har rufin Tahidu mai tsatsa. Ta ce taswira-taswira ne ta ɗora kan juna: ta tsayuwar gaɓa, ta irin ƙasa, ta hanyar ruwa, da ta wuraren da suka taɓa rushewa. Na'urar ta auna su duka ta shafa launi. Gidana rawaya. Bayan gidan Tahidu ja wur.

"Cikin wuri goma masu kama da nan, takwas sun faɗi," ta ce.

"To ni ina cikin biyun."

"Tahidu," na ce, "in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ni ban yi boko ba, amma tsagar nan da ke bayan bayinka ba na'ura ta zana ta ba. Bara yatsa ke shiga, bana ƙafa."

"Alhaji Issahaku, kai da aka shafa wa rawaya ai dole ka yi wa'azi."

Kowa ya san yadda ake tsare fili a garin nan. Takarda ba ta hana a sayar da shi sau biyu, bulo ke hanawa. Ka zuba yashi, ka jera bulo, a san da mai shi. Kwana uku bayan nan sai ga tifa ta juye wa Tahidu yashi a daidai layin turakun. Ya kwaso bulon da ya tara don ɗakin ɗansa, ya jibge su a bakin gaɓar.

Suhuyini ta dawo ta gani, ta dafe kai.

"Wayyo, Mba! Nauyi ka ƙara mata!"

"Yanzu sai mai siya ya zo mu gani."

Ta tafi ofishin hukuma da taswirarta, na raka ta. Mun zauna a benci daga hantsi har azahar. Wani mai babbar kujera ya duba ya ce aikin ya yi kyau ƙwarai, za a kafa kwamiti bayan damina. Bayan damina! Na ce masa ba a fafe gora ranar tafiya. Ya yi dariya, ya ce Baba ya iya magana.

Da yamma Tahidu ya leƙo ta katanga.

"Ara mini baro."

"Ba zan ara ba. Ban taɓa taya mutum haƙa kabarinsa da rai ba."

"Riƙe abinka, tsoho mai baƙin baki."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan a tsaye. Matarsa Mulikatu ta zo ta roƙe ni in sake gwadawa, na ce mata na gaji da zuba ruwa a kwando. Wannan kalma tana nan tana cina.

Aka yi ruwa kwana uku a watan Agusta. Ranar Laraba da hantsi rana ta ɗan leƙo, Tahidu ya fita da igiyar awo zai ja layin harsashi. Ina alwala na ji wani gurnani kamar ana juye tifa goma lokaci guda, butata ta yi rawa. Sai kururuwar Mulikatu.

Da shebur da hannu muka tono shi, mu da direbobin ramin. Ƙasa ta rufe shi zuwa ƙirji, bulonsa na kansa sun danne masa ƙafafu. Yana numfashi. Muka sa shi a bayan keke mai ƙafa uku, na ɗora kansa a cinyata, jar laka na zuba daga gemunsa.

"Issahaku."

"Ina nan. Yi salati."

"Filin yana nan?"

Rabinsa na kwance a gindin rami. Na dubi idonsa.

"Yana nan, Tahidu. Ba wanda ya taɓa shi."

Ya saki hannuna kafin mu hau kwalta.

Suhuyini ta zo gaisuwa, ta zauna cikin mata. Da za ta tafi ta tsaya a gabana.

"Mba, da na sani da ban sa ja ba."

"Ko fari kika sa, turke turke ne a idonsa. Je ki, Allah ya yi miki albarka."

Ranar sadakar bakwai na tarar da Mulikatu tsaye nesa da gaɓar, tana leƙen ƙasa. Wani yanki na bayan gidan ya sauka ɗungurungum bai wargaje ba, da kuɓewar da ta shuka a kansa. Tana can a tsaye a gindin ramin, ta yi fure, 'ya'yan sun fara ƙosawa.

"Ta wuce tsinka," in ji Mulikatu.

Muka tsaya muna kallonta.