Yadda Aka Warkar da Abduljalil

Abduljalil Atiku malamin adabi ne a wata kwaleji kusa da Kalgo, kuma shekararsa goma sha ɗaya yana rubuta kundin digirinsa na uku. Batun kundin shi ne shanyewa a adabin Turawa na farkon ƙarnin da ya wuce. Ba shanyewar jiki ba, ta zuciya: sai ka ga mutum lafiyayye ya sa takalmi zai fita, ya zauna a bakin gado har labarin ya ƙare. Abduljalil ya rubuta babin farko sau tara, ya rasa wanda zai miƙa.

A daminar bara kawunsa Khalilu, manomin shinkafa a Gwandu, ya faɗi bayan la'asar. Hawan jini ne. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, amma bakinsa bai taɓu ba. Daga kan tabarma ya sa aka sake rufin rumbu, ya kuma raba rikicin iyakar gona tsakanin wasu mutanen Masama biyu. Likita ya ce a riƙa kai shi gashin ƙashi duk Talata a wani ƙaramin asibiti da ke Kalgo. Da yake Abduljalil ne mai mota a dangi, matar kawun, Inna Hadijatu, ta ɗora masa aikin.

A hanya Kawu ya tambaye shi, "Wai mi kaka rubutawa shekara da shekaru?"

Abduljalil ya yi masa bayanin mutanen da ba sa iya tashi.

"Likita ya duba su?"

"Ba ciwo ba ne, Kawu. Zamani ne ya yi musu nauyi."

Da suka wuce wata gada, Kawu ya ce, "To wagga ai ƙiwuya ta."

A asibiti aka ba su keken marasa lafiya. Kawu ya tura shi da hannun dama, ya yi ta zagaye a wuri ɗaya, har ya gano yadda zai gyara da ƙafa. Daga nan ya nufi baranda, inda ya jiyo mai gadi yana faɗin abin da ba daidai ba game da irin shinkafa. Abduljalil ya zauna a benci da katin asibitin Kawu a hannu. In ya bi Kawu, layi zai wuce su. In ya zauna, za a kira babu mai ciwo. Yana cikin auna wannan aka kira, "Khalilu Gwandu." Bai motsa ba, don ba sunansa ba ne.

Sista Kubura, mai kula da sashen, ta fito ta ga katin a hannunsa, ta ga yadda ya sandare.

"Sannu, Malam. Wane ɓarin ne?"

Tambayar tana da amsa, kuma ya san ta. "Na hagu," in ji shi.

Kafin ya ƙara wani abu ma'aikata biyu sun ɗaga shi cak, sun kai shi kan gado suna haki. Ya so ya yi magana, amma ya ga irin gumin da suka yi, ya ji nauyinsu. Sista ta duba katin, ta ce, "Sittin da takwas. Gaskiya ba ka nuna shekarunka ba." Ta kama hannunsa na hagu ta ce ya ɗaga. Ya ga in ya ɗaga duka ya kunyata ta, in ya ƙi ɗagawa kuma ya yi ƙarya. Sai ya motsa yatsu biyu. Ta ji daɗi ƙwarai, ta rubuta.

A mota ya gaya wa Kawu komai, yana jiran faɗa. Kawu ya ce, "Madalla. Ni dama ban son a riƙa ja man ƙafa a gaban mutane. Ka ci gaba da shiga, ka koyo da kyau, in munka koma gida ka yi man."

Haka aka yi. Duk Talata Abduljalil yana kwance ana lanƙwasa masa gwiwa, ana sa shi matsa ƙwallon roba, shi kuwa Kawu yana baranda yana tsara wa marasa lafiya layi. A Gwandu, kullum bayan asuba, Abduljalil yakan yi wa Kawu duk abin da aka yi masa, sau ashirin-ashirin, Kawu yana ƙorafin cewa hannunsa da sanyi.

A mako na bakwai wayarsa ta yi ƙara a aljihun hagu yana kan gado. Ya ciro ta da hannun hagu, ya sauka, ya taka har bakin taga don ya ji da kyau. Da ya juyo, Sista Kubura tana tsaye da hannu a baki. Ta kira likita, likita ya sa shi ya yi tafiya, ya tsuguna, ya tashi.

"Sista, ni fa dama can…"

"Duk haka kuke cewa," in ji ta, idanunta sun yi ƙwalla. "Wai dama kun san za ku tashi."

Aka buga wa katin hatimi cewa Khalilu Gwandu ya warke, an sallame shi.

Labari ya isa Gwandu kashi biyu. Wasu sun ji Kawu ya warke, suka zo barka, suka tarar da shi a tabarma. Ya ce musu, "Takarda ta ce na warke. Ku tahi ku yi gardama da ita." Wasu kuma sun ji cewa Abduljalil ne ya shanye a ɓoye, Allah ya tashe shi. Daga Maruda aka fara kawo masa marasa lafiya a amalanke. Ya tsaya a ƙofar zaure yana neman yadda zai fara bayani, kafin ya samu an riga an shimfiɗa wata tsohuwa a gabansa. Sai ya durƙusa ya kama gwiwarta.

A bakin masu barka Inna Hadijatu ta ji abin da ake ciki. Ranar Talata ta yafa mayafi, ta shiga gaban motar, ta sa aka zaunar da mijinta a baya. A asibiti ita ta tura keken da kanta har gaban Sista Kubura.

"Wanga shi na Khalilu," ta ce. "Wancan ɗan ƙanwatai na, lahiyatai lau tun da anka haihe shi."

Sista ta daɗe tana kallon Abduljalil. Ya sunkuyar da kai. Sannan ta sa aka ɗora Kawu a gado, ta duba shi. Ta ce kafaɗar ba ta sandare ba, gwiwar ma tana amsawa, ta tambaya wa yake yi masa gashi. Kawu ya nuna ɗan ƙanwarsa da haɓa.

"Kana riƙe kafaɗar ba daidai ba," ta ce wa Abduljalil. "Zo in nuna maka." Da ta gama nuna masa ta ƙara da cewa, "Ranar Alhamis mu biyu ne kawai a nan, marasa lafiya kuwa sun fi talatin. Tunda ka cinye mana sati bakwai, sai ka riƙa zuwa."

Ya ce zai yi tunani a kai. Yana faɗa tana rubuta sunansa a allon masu aiki.

Zuwa lokacin yankan shinkafa Kawu ya fara takawa da sanda, yana jan ƙafa. Hannun dai bai dawo ba, kuma likita ya ce da wuya ya dawo. Abduljalil kuwa ranar Alhamis ɗin farko aka ba shi wani tsohon masunci daga Wurogauri mai suna Nagoggo, wanda ya ƙi yarda kowa ya taɓa shi.

"An ce kai ma ka yi ta," in ji tsohon.

"An ce, Baba."

"To kai ka san zahin abin. Kama a hankali."

Abduljalil ya murza tafin hannunsa a riga har ya yi ɗumi, ya tallafi kafaɗar yadda aka koya masa, ya fara ƙirga.