Mai Turo Mana Mutane

Tun ranar da Yaya ya sauke tsohon allon shagonmu, wayar aiki ta yi shiru kamar an yi mata asiri. Ni ke riƙe da ita, don haka ni na fara lura. A da yini nake ina amsa masu turare da masu atamfa da masu girke-girke, kowace tana so a buɗe mata shafi a intanet. Yanzu kuwa in ta yi ƙara, to kamfanin layi ne ke tallar data.

Shagon namu ɗan ƙarami ne, a saman bene kusa da Kasuwar Kwastam a Maiduguri. Yayana Abdulmutallib shi ke zana shafukan ya gina su. Ni Rumaisa'u nawa ɗaukar hoton kaya, da rubuta bayani, da lallashin kwastoma in ransa ya ɓaci. Darbejiya Dizain muka sa wa shagon da farko, saboda bishiyar ƙofar gidanmu a Ajilari, inda Yaya ya yi aikinsa na fari a kan tabarma. Sunan bai taɓa kwanta masa ba. Yana da hujja kuma, don akwai tsohon da ya taɓa hawo benen da ƙyar, yana haki, wai a ba shi maganin shawara.

To sai Yaya ya yi wani kwas ta intanet, ya fito da sabon karatu. Wai mutane ba sa yarda da kamfani, da mutum suke yarda, saboda haka mai sana'a ya fito da sunansa da fuskarsa. Ya ɗauko shafinsa na kashin kansa, wanda ya daɗe da yasarwa, ya haɗe shi da na shago ya sake masa fasali gaba ɗaya. Baƙi da ruwan zinare. Hotonsa a gaba, ya harɗe hannuwa kamar mai neman kujerar sanata. Sama kuma, da manyan haruffa: Abdulmutallib Tijjani. Haka aka rubuta a sabon allo, haka ya koma adireshin shafin.

Ba zan ɓoye ba, ya yi kyau. Kyan ne dai bai kawo kowa ba.

Da shirun ya yi yawa, abokinsa Elnathan ya samo masa gurbin aiki a wani kamfani a Abuja. Yaya ya ce in har azumi ya kama abin bai farfaɗo ba, zai rufe shago ya tafi. Maganar ta tsaya mini a rai. Ba na so ya tafi, kuma ba na so in koma gida in zauna ina kallon bango. Ga haushi, don duk hasashen da na kawo mun gwada. Na ce shafin ya yi nauyi, ba ya buɗuwa a ƙaramar waya, ya rage masa nauyi. Na ce Turancin ya yi yawa, muka sa Hausa. Shiru.

"Gugul ne bai gama sanin sabon sunan ba," in ji Yaya. "Sai an ba shi lokaci."

"Yaya, wai da can ma ta Gugul suke samunmu?"

"To ta ina?"

Nan tambayar ta kama ni. Shekaru muna aiki, ba mu taɓa tambayar ko mutum ɗaya yadda ya ji labarinmu ba. Na tuna Hajja Sauda mai turaren wuta, wadda ko lambar waya sai ta miƙa wa na kusa da ita ya danna mata. Ita ce za ta shiga Gugul? Na ɗauki mayafina na sauka kasuwa.

Na same ta a rumfarta tsakanin kwalaben humra, tana juya garwashi a kasko. Ta tare ni da wushe, wushe, sannun Barebari, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare aka sake sabuwa. Sai da ta turara mini gefen mayafi tukuna ta bari na yi tambayata.

"Wa ya gaya mini ku? Ai a gidan biki ne," in ji ta, da Hausarta mai gardin Barebari. "Wata Hajiya Bakanuwa, fara, mai tabarau. Na ce ciniki ya tsaya, ta ce in nemi Darbejiya a waya. Wai wasu yara ne a unguwarsu, suna da hankali, ba sa cin amana. Har ta sa aka rubuta mini lamba."

"Kin san sunanta, Hajja?"

"Zainaba, ta Ajilari. Kin san ta ne?"

Na ce na san ta. Ai Hajiya Zainaba ta Ajilari, fara mai tabarau, ita ta haife ni.

Na ɗauka katari ne. Uwa ta yi wa 'ya'yanta talla sau ɗaya, ina abin mamaki? Amma zuciyata ta ƙi barina. Na koma shago na bi tsofaffin kwastomominmu da kira. Rebeka mai kek ta ce a layin ganin likita wata dattijuwa ta ba ta labarinmu. Madu, sakataren ƙungiyar manoman Konduga, ya ce matarsa ce ta jiyo a wajen suna. Wata mai ɗinkin labule ta ce a Keke Napep ne, kuma matar ba ta sauka ba sai da ta tabbatar ta haddace sunan. Duk kamannin da suka ba ni na Umma ne. Waɗanda ba Umma ta turo ba, wanda Umma ta turo ne ya turo su. Abin da ya fi ɗaure mini kai, babu ko ɗaya da ya san Yaya ɗanta ne. Kowa wasu yara aka ce masa.

A nan sai na zauna na dubi sabon allon namu da idon Umma.

Yaya shi ne ɗanta na fari. Iyayenmu Kanawa ne da kasuwanci ya kawo Maiduguri, kuma Umma ta taho da kunyarta cif, ba ta bar ko ƙyalle a hanya ba. Tunda nake ban taɓa jin ta kira sunan Yaya ba. Ga shi kuma sunan surukinta ne, kakanmu, shi ya sa maƙwabta ke ce masa Babagana, wato ƙaramin baba a yaren Barebari. Ita ko wannan ba ta faɗa. Wancan take cewa, ko shi, ko mutumin naki. Tijjani kuwa sunan Abbanmu ne, Allah ya jiƙansa, wanda har ya bar duniya Malam take ce masa. Wato Yaya ya tattara duk sunayen da bakin Umma ba zai taɓa furtawa ba, ya jera su a allo, ya ce duniya ta neme mu da su.

Da na gaya masa, dariya ya yi, irin wadda ba ta kai ciki ba.

"Umma? Umman da ba ta taɓa tako benen nan ba? Ranar da na nuna mata shafina na farko, cewa ta yi in matsa na tare mata haske."

"Na kira su ɗaya bayan ɗaya, Yaya."

"Ke dai kina so in fasa tafiya."

Ina so, amma ba shi ya sa na faɗa ba. Na san abin da ke cinsa. Ni auta ce, Umma na wasa da ni, tana yaba girkina a gaban baƙi. Shi kuwa ya girma ne a gefen idonta. Ya san al'ada ce, kowa ya sani, amma sanin dalilin abu ba ya hana shi ciwo. Na ce ya taso mu je gida ya ji da kunnensa. Ya yi ta jan ƙafa, ya rufe kwamfuta ya sake buɗewa, daga baya dai ya biyo ni.

Bayan la'asar muka shiga. Umma na tsakar gida a kan tabarma, tana tsince shinkafa a faranti. Yaya ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon shinkafar. Ya koma bakin ƙofar ɗaki ya zauna a turmi, nesa kaɗan, inda ya saba zama.

Ni ba ni da kunyar kowa, don haka na faɗa kai tsaye.

"Umma, Hajja Sauda mai turare tana gaishe ki."

"Ina amsawa."

"Ta ce ke kika turo ta wajenmu. Rebeka ma haka, da matar Madu na Konduga."

Hannunta ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba. "Mutane da surutu. Hira ce ta kawo hira. Mutum na kuka da kasuwa, ka san inda ake gyara, sai ka yi shiru?"

"Amma ba ki ce ɗanki ba ne."

Ta ɗago ta harare ni ta saman tabarau. "Ke wace irin yarinya ce? A bakina za a ji wannan?"

Na saci kallon Yaya. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mashin.

"To Umma, tun da aka canza suna fa?"

Ta ware wata tsakuwa ta jefar, ta ware wata. Da ta yi magana, da ni take, kamar kullum, ko da yake mun san wa ake nufi.

"Bikin gidan Alhaji Bukar da na je kwanan baya, wata mata ta zauna kusa da ni. Lafaya take sarowa, mayafan Barebari, kaya masu kyau. Ta ce 'ya'yanta sun dame ta wai ta sa kayan a waya, ko na san mai yi. Na ce Darbejiya. Ta ce ai sun riga sun ji sunan, sun duba, an ce babu, an rufe. Ta ce ko sun canza suna ne?" Umma ta gyara zaman farantin a cinyarta. "Na buɗe baki, Rumaisa'u. Mata cike da rumfa, har da dangin Malam. Na ce mata ban sani ba."

Akuyar maƙwabta na ta kuka a bayan katanga.

"Ni na ce ban sani ba," ta sake faɗa, a hankali. "Tuwon bikin ma kasa ci na yi."

Tausayinta ya kama ni har na ji ƙwalla. Ban taɓa ganin Umma ta kai ƙarar wani abu da ya dame ta ba, ko rasuwar Abba a ɗaki ta yi kukanta. Yaya ya ɗago, idonsa ya yi ja. Ya buɗe baki zai yi magana da ita, ya kasa, sai ya juyo gare ni, shi ma ya bi hanyar da ta bi.

"Ki tambaye ta, me ya sa ba ta ce in bar tsohon sunan yadda yake ba?"

Umma ba ta jira na maimaita ba. "Ki ce masa sunansa ne. Wa zai hana mutum sunansa? Na ga abin a wayar Munira ta gidan Madaki, ya yi kyau. Hoton ne dai, ya rame."

Dariya ta ƙwace mini cikin hawaye. Yaya ma ya murmusa, ya goge fuska da hannun riga. Ashe har shafin ta sa maƙwabciya ta buɗe mata, ta zauna ta ƙare masa kallo, mu muna can muna zargin Gugul.

Ya miƙe, ya tako har bakin tabarmar, abin da ban saba gani ba, ya tsuguna. Wannan karon bai bi ta kaina ba.

"Umma, zan sauke allon. Sunana ya koma ciki, can ƙasa, wanda ya nema ya gani. Wane suna kike so a sa a sama?"

Ta kawar da kai wajen katanga. "Ni ina ruwana da sunan shagon mutane."

Muka jira. Ta tattara shinkafar gefe guda, ta hure ƙaiƙayin, ta miƙe da farantin ta nufi madafi. Har na fidda rai. Sai da ta kai ƙofa ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Ko me za a sa, kada ya zama sunan mutum. Kuma gajere, wanda tsohuwa za ta riƙe." Ta ɗaga labulen. "Ki ce masa ya hanzarta. Akwai biki ranar Asabar."