Gilashin Ciki Ne Ya Fashe

Mai Ƙofa yana kan tsani a gidan wani tsoho, yana saita wata taga da ta ƙi rufuwa, sai wayarsa ta yi ƙara. Auta ce, ƙanwarsa da suke ciki ɗaya.

"Yaya, hannun tagar falo ya karye. Ƙofar ma ta soma cijewa. In ka samu sarari."

"Kuma dai? Ke hannunki guduma ne, ko dambe kike yi da tagogin nan?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce dai ya zo da rana, kafin mijinta ya dawo, don ba ya son ƙarar aiki.

Sana'arsa ke nan tun yana saurayi, gyaran ƙofofi da tagogi masu gilashi ruɓi biyu, har sunan ya bi shi, matarsa ma in tana tsokana da shi take kiransa. Gidan Auta kuwa ya zame masa kamar shagonsa na biyu. Ya sauya mata hannun ƙofar banɗaki, ya sauya na ɗakin kwana, ya taɓa miƙe ƙarfen makullin da ya lanƙwashe. Kullum da dalilin da take bayarwa, iska ce ta buga, ko kaya ne suka faɗo.

Gidan a saman wani shagon ɗinki yake, ana hawa ta matakalar ƙarfe daga waje, kuma ƙofa ɗaya ce tal. Mijin, wanda kowa ke ce wa Direba saboda motar kaya da yake ja, ƙato ne mai fara'a. Shi ke ɗaukar wa tsofaffin layin kaya, kuma bai taɓa zuwa gidan Mai Ƙofa hannu rabbana ba, ko alewa ce sai ya riƙo wa yara.

Auta ta buɗe masa da ƙyar, sai da ta sa kafaɗa. Ta gaishe shi tana kallon gefe, ɗankwalinta ya sauko har kan kunne.

Ya fara da ƙofar. Irin wadda in an ɗaga hannunta sama ƙugiyoyin ƙarfe ke fitowa su kama jikin firam, wato bakin da ƙofar ke zama a ciki, sama da tsakiya da ƙasa, sannan a murɗa mabuɗi. Ya ɗaga a hankali, ya ji tana gurza kamar mai tauna tsakuwa. Ya ɗiga mata mai, ya ɗan ɗaure sukurorin da suka saki.

"Uwar makullin ce ta cinye daga ciki," ya ce. "Gobe zan kawo sabuwa. Kafin nan kada kowa ya ɗaga hannun nan da ƙarfi. In ta cije a rufe, sai dai ku yi fiffike."

Ya wuce wurin tagar. Hannun ya karye, amma ba irin karyewar tsufa ba. Ya lanƙwashe ne ya yo cikin ɗaki, kamar wani ya riƙe shi da iya ƙarfinsa ana jansa ta baya. Ya ɗage labulen. Gilashin ya tsage, tsagar ta bazu kamar saƙar gizo-gizo.

"Wannan fa?"

"Yara ne a titi. Jifa suke yi."

Ya shafa da yatsa. Ya leƙa ta gefe ya dubi ɗaya ruɓin. Na waje lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. A tsakiyar tsagar, daidai tsayin kan mutum, ya ga gashi ya maƙale. Ya zare shi a hankali ya riƙe.

"Auta, jifa daga titi gilashin waje yake fasawa. Wannan na ciki ne. Cire ɗankwalin."

"Yaya, don Allah ka gyara abin da na kira ka."

"Na ce ki cire."

Ta tsaya kamar ba za ta yi ba, sannan ta zame shi. Bayan kunnenta ya kumbura, jini ya daskare a cikin kitson. A wuyanta kuma ga shatin yatsu.

Mai Ƙofa ya tuna hannun ƙofar banɗaki, ya tuna na ɗakin kwana. Suna tsaye haka suka ji matakalar ƙarfen tana amsa takun mutum mai nauyi.

"Babban yaya da kansa!" Direba ya shigo yana washe baki. "Motar ce ta lalace, na ce bari in zo in huta. Ashe da baƙo. Ke ba ki kawo masa ko ruwa ba?"

Sai idonsa ya kai kan matarsa, ba ɗankwali. Ya dubi labulen da aka ɗage. Fara'ar ta gushe daga fuskarsa kamar an share da tsumma.

"Ɗauki mayafinki," Mai Ƙofa ya ce wa Auta. "Mu tafi."

"Ku tafi ina? Yaya, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Wannan maganar cikin gida ce."

"Haƙori ba ya fasa gilashi da kan harshe. Matsa."

Direba bai matsa ba. Ya juya ya tura ƙofar da ƙafa, ya fizgi hannun ƙofar sama da ƙarfin tsiya. Wani abu ya yi ƙaras a cikinta. Ya murɗa mabuɗin ya zare ya jefa aljihu.

"Ba inda za ta. Kai ma sai ka ba ni haƙuri a kan shiga abin da ba ruwanka."

Karyayyen hannun tagar yana hannun Mai Ƙofa. Bai san lokacin da ya kai shi bakin surukinsa ba. Leɓe ya fashe, haƙori ya faɗo kan tayil ya gangara ƙarƙashin kujera. Direba ya taɓa bakinsa, ya dubi jinin, ya yi wani irin gurnani. Ya cafki Mai Ƙofa a kwala da ɗamara, ya ɗaga shi sama kamar buhun da ya saba lodawa, ya maka shi a kan teburin tsakiyar falo. Teburin ya rabe biyu. Akwatin kayan aiki ya kife, sukurori suka watse ko'ina.

Mai Ƙofa ya miƙa hannun dama zai ɗauki guduma. Direba ya taka hannun da takalmin aiki, ya murza. Ƙarar karyewar yatsun ta fito sarai, kamar ana karya busasshen kara. Ihun da ya yi har kekunan ɗinkin ƙasa suka tsaya.

Auta ta ɗane bayan mijin tana jan rigarsa. "Za ka kashe shi! Yayana ne!" Ya watsar da ita da gwiwar hannu, bayanta ya bugi bango, ta zube. Mai Ƙofa ya rungume ƙafar da ke kansa ya gantsara mata cizo a ƙwauri har ya ji ɗanɗanon jini. Direba ya ja baya yana zagi, shi kuma ya lallaɓa ya miƙe, ya jingina da tagar.

Naushin da Direba ya kawo da ya same shi da shi ke nan. Mai Ƙofa bai kauce ba, sulalewa ya yi don jiri. Dunƙulen ya wuce ta saman kansa ya shige gilashin da dama a tsage yake, ya daki na waje ya tsaya. Da Direba ya fizgo hannunsa, wani dogon ɓari mai kaifi ya tsarge shi tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwa.

Jinin ba zuba ya yi ba, tsartuwa ya yi. Ya fesa labule, ya fesa bango. Direba ya tsaya yana kallon hannun kamar na wani, sannan ya durƙushe.

Auta ce ta fara motsawa. Ta rarrafo ta ɗauki ɗankwalinta ta ɗaure masa dantse, ta zura sukundireba a ƙullin ta murɗa har ya yi ƙara. Tsartuwar ta ragu. Ta laluba aljihunsa ta ciro mabuɗin ta ruga ƙofa. Mabuɗin ya juya, amma hannun ya ƙi sauka. Ta danna da hannu biyu, ta hau kansa da nauyinta. Ko gezau.

A waje mai shagon ɗinki tana ta buga ƙofa tana kiran sunan Allah, ta ce ta kira motar asibiti. Wasu maza suka hau dukan ƙofar da ƙafa, amma ƙugiyoyin sun riƙe ta gam. Gilashin jikinta kuwa siriri ne, ko kyanwa da ƙyar za ta wuce.

"Yaya, ta cije. Tashi ka buɗe."

Mai Ƙofa yana zaune cikin ɓaraguzan gilashi, ya rungume hannunsa a ƙirji. Ya dubi surukinsa, wanda leɓɓansa suka soma yin fari.

"Bar shi," ya ce.

"Yaya!"

"Ki bar shi ya ji yadda ake ji."

Ta zo ta durƙusa a gabansa. Idonta a bushe yake. "In ya mutu a ɗakin nan, kai za a ɗaure, 'ya'yanka su tashi ba uba. Ni kuma in ƙare rayuwata ana nuna ni da baki. Ya ci mini shekaruna, ba zai ci sauran ba. Tashi."

Ya tashi. Ya daka wa na waje tsawa su daina duka, suna ƙara cusa ƙugiyoyin ne. Auta ta kama lafiyayyen hannun mijinta ta ɗora a kan sukundireban da ke ɗaure. "Riƙe. In ka saki, kai ka sani." Ya riƙe.

Yatsun Mai Ƙofa ba sa iya kama komai, don haka ita ta zama hannunsa. Ya nuna mata wani ƙarfe mai faɗin baki, ta cusa tsakanin ƙofa da firam daga sama, shi kuma ya danna da kafaɗa har wata 'yar kafa ta buɗe. Ta zare robar da ke bakin firam ɗin. Ya ce ta zura siririn ƙarfe mai lanƙwasa ta laluba har ta ji kan ƙugiyar.

"Na ji wani abu."

"Shi ne. Ɗora a kansa ki buga da guduma. Kada ki ji tausayinsa."

Hannunta jina-jina ne, gudumar ta suɓuce ta faɗi. Ta goge tafin a zaninta ta sake ɗauka. Ta buga, ta sake bugawa, shi kuma yana danna hannun ƙofar ƙasa da gwiwar hannunsa na hagu, zufa tana shiga masa ido. A bayansu Direba ya soma kiran mahaifiyarsa da ƙaramar murya.

Sai ƙarfen da ke cikin ƙofar ya zame gaba ɗaya, ƙugiyoyin suka koma raminsu tare. Ƙofar ta buɗe da ƙarfi har ta kusa kayar da su. Mutane suka tsaya cirko-cirko a kan matakala, ba wanda ya iya shigowa da farko saboda abin da suka gani a ƙasa.

Mota ɗaya ta kwashe su. An wuce da Direba ɗakin tiyata, aka zaunar da Mai Ƙofa a benci ana jiran mai ɗaurin karaya, aka wanke wa Auta bayan kunne aka ɗinke. Da yamma wata 'yar sanda ta zo. Ta ce Direba ya farfaɗo, kuma ya ce santsi ne ya kwashe shi ya faɗa kan taga, surukinsa kuma ya ji ciwo garin taimakonsa. Ta dubi fuskar Mai Ƙofa da ta kumbura, ta dubi wuyan Auta.

"Haka aka yi?"

Mai Ƙofa ya san in an faɗi gaskiya, shi ya fara kai duka, kuma za a tambaye shi. Ya dubi ƙanwarsa ya gyaɗa mata kai.

"Ba haka aka yi ba," in ji Auta. "Ki zauna, maganar da tsawo."

Direba bai mutu ba, amma hannun bai ƙara riƙe sitiyari ba. Dangi sun yi ta zarya suna cewa a rufa asiri, Auta ta ce wanda ke son rufin asirin ya je ya zauna da shi. Alƙali ya raba auren, ya kuma yanke wa Direba zaman gidan yari. Mai Ƙofa ma bai tsira ba, an ja masa kunne a gaban jama'a saboda haƙorin da ya fitar. Yatsunsa biyu sun warke a karkace, sai ya koma koyon aiki da hagu kamar sabon shiga.

Auta ta zauna a gidansa har ta murmure. Wata safiya tana taya matarsa shanya, ta ce ta samu aiki a wani kantin sayar da yadi a ɗaya gefen gari, da ɗaki a kusa da shi. Matar ta ce ai ba korarta ake ba, ta bari a gaya wa yayanta tukuna.

"Na gaya masa jiya," in ji Auta. "Ya yi ta faɗa, sannan ya ce zai nemo motar da za ta kwashe mini kaya."