Abin da Kawu Ya Gani

"Ina takardar likita?"

Karo na uku ke nan shugaban kwamitin yana yi wa Ya Kura wannan tambayar, sai ka ce amsar za ta sauya idan ya sake gyara zaman tabaraunsa. Su biyar gwamnati ta turo Kazaure su binciki rundunar nan da aka kafa don kama ɓarayin babura, wadda ta bar ɓarayin ta koma kan masu baburan. Tun hantsi suke hakimce a ƙarƙashin fanka, kowa da robar ruwa a gabansa.

"Ranka ya daɗe, babu. Da safe suka kawo shi, kafin azahar an kai shi makwancinsa."

"Ba ku bari an duba gawar ba?"

Haushi ya turnuƙe ta. A duba me? Ɗanta Kashim, ɗan acaba a Roni, ya fita ranar Talata da ƙafafunsa, 'yan rundunar suka tare shi a hanyar Gwiwa, ranar Asabar suka dawo da shi a bayan mota da wata guntuwar takarda wai zazzaɓi ne. Wane Musulmi ne zai bar mamacinsa ya kwana a firjin asibiti ana tsaga shi? Abin da aka koya musu suka yi, suka gaggauta. Yau ga shi gaggawar ce ta zama laifinsu, kuma zazzaɓin nan na ƙarya shi zai zauna a littafin gwamnati har abada.

"To wa ya ga jikin nasa?" in ji shugaban.

Ta waiwaya can bayan zauren.

* * *

Shekara arba'in Kawu Haladu yana wanke gawar mazan unguwarsu, ko matarsa ba ta taɓa jin abin da ya gani a jikin kowa ba. Sau uku Ya Kura tana sallama a zaurensa, sau uku yana ba ta amsa ɗaya.

"Abin da mai wanka ya gani, tare da mamacin ake binne shi. Amana ce, Ya Kura."

A zuwa na uku haƙurinta ya ƙare. "Kawu, asirin mamaci aka ce ka rufa, ko asirin waɗanda suka kashe shi?"

Ya ci gaba da jan carbinsa. Amma yau da ta fito tasha ta tarar da shi zaune a gidan gaba na motar Kazaure, ya juyar da kai kamar bai san ta ba.

* * *

Tsohon ya tuɓe takalmansa tun daga nesa, ya tsuguna a gaban teburin.

"Allah Ya gafarta mini abin da zan faɗa. Kafaɗunsa biyu a goce suke. Igiya ta ci wuyan hannunsa har ƙashi. Tafin ƙafarsa ya fashe, farce uku babu. Hannun dama ya ƙi miƙewa, sai da na haɗa shi da jiki na ɗaure kafin likkafani ya rufu. Na wanke masu zazzaɓi ba adadi, ranka ya daɗe. Zazzaɓi ba ya rataye mutum."

Fuskar Kashim kaɗai aka nuna mata ranar jana'izar. Wata goma sha ɗaya tana roƙon a faɗi wannan magana, yanzu da aka faɗe ta sai ta ji da ma kurma ce ita. Ta cusa bakin mayafi a baki ta cije.

Shugaban ya yi gyaran murya. "Baba, a ina ka yi karatun aikin likita?"

"Ban yi ba."

"To ka gani. Wallahi mun tausaya, amma ƙa'idarmu sai shaidar ƙwararre." Ya dubi agogo. "Kuma ana jiranmu a Babura kafin la'asar."

"Gawa nawa ƙwararren naku ya taɓa juyawa da hannunsa?" Ya Kura ta miƙe, ta manta da ranka ya daɗe. "Tsohon nan ya karya amanar shekara arba'in a gabanku!"

"Hajiya, a yi haƙuri. Na gaba!"

Ta leƙa takardar magatakardan kwamitin. Sunan Kawu ne kawai a sama, shi ma ba a rubuta daidai ba. Tun da tsohon ya fara magana biron yake a rufe.

A bakin ƙofa wata ma'aikaciya tana raba wa masu ba da shaida shinkafa a leda da robar ruwa. Kawu bai karɓi shinkafar ba. Ruwan ya ɗauka, ya tsuguna a gindin darbejiya, ya naɗe hannun riga zuwa gwiwar hannu, ya fara da dama. Yana zubawa yana cuɗawa a hankali, kamar yadda yake yi idan ya gama da mamaci, har robar ta ƙare.